Ɗan'azumi Mai Zangon Farko

Na daɗe ina shakkar karatun da ake yi ta intanet. Ni a Beljiyam na yi nawa, cikin aji, gaban malamai masu tari da mantuwa kamar kowa, kuma ko shi har yau ban tabbata ya ba ni abin da aka ce zai ba ni ba. Balle karatun da ba ka ganin malam, shi ma ba ya ganinka, sai dai saƙo ya tafi saƙo ya dawo. Akwai kuma wata shakkar da ta fi wannan nauyi. Shekarar da na komo Matameye, wato dubu biyu da goma, damanar da ta wuce ba ta yi ba, rumbuna sun ƙare tun sanyi bai fita ba, soja kuma sun karɓe mulki a Yamai. A shekara irin wannan, in mutum ya ce zai ba da labarin mai neman digirin masta, sai ya ji kunya ta kama shi. Na juya abin na juya, ban warware shi ba. Zan dai faɗi abin da na gani game da Ɗan'azumi.

Ɗan'azumi ɗan kawuna ne, saboda haka taubashina ne, kuma tun muna yara yake kirana bawansa. Ya girme ni da 'yan shekaru. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana tafiya da sauri kamar wanda aka aika, in zai yi magana mai muhimmanci sai ya cire hula ya duba cikinta. Ya yi lisansi, wato digirin farko, a ilimin ƙasa a jami'ar Yamai, shi ne na farko a gidansu da ya kai can. Bai daɗe da karɓo takardar ba Kawu Idi ya rasu, gandun gidan da ke kan hanyar Tsauni ya faɗo a wuyansa, tare da mahaifiyarsa Inna Maryama da ƙannensa mata. Gwamnati ba ta ɗauke shi aiki ba. Sai ya yi abin da mazan garinmu ke yi: in an gama girbi ya ɗaure jaka ya tafi ci-rani Najeriya.

A Kano ya samu wuri a shagon wani mutumin garinmu da ke buga takardu da yin kwafi a bakin wata jami'a. Nan ya koyi Turanci, daga takardun da yake bugawa da kuma gardamar farashi da ɗalibai. Ya lura akwai manya masu aiki da ke zuwa karatun masta da yamma, wasunsu ma shi ke gyara musu rubutu. Ya tara abin da ya tara, ya yi rajista a fannin raya karkara. Shekarar karatu a can zango biyu ce. Zangon farko ya ci jarrabawa da kyau. Ana tsakiyar zango na biyu aka bugo masa cewa ruwa ya sauka a Ɗan Barto, kusa da garinmu. Washegari yana cikin mota. Kafin a gama shuka da noman farko da maimai, an gama jarrabawa a Kano. Da ya koma bayan girbi aka ce an cire sunansa, bai yi gardama da kowa ba.

Bayan shekara biyu mai shagon ya buɗe reshe a Zariya ya tura shi can. Ya sake rajista a can, ya sake cin zangon farko, ruwa ya sake sauka. Na uku a Sakkwato ne, haka nan ya ƙare.

Shi bai ɗauki wannan asara ba. Ya taɓa yin karatun littattafai a zauren wani malami a unguwarmu, kuma a wannan karatu in ka bar gari ka je wurin wani malamin, tambaya ɗaya ce: ina ka tsaya? Ka faɗi babin, ka karanto kaɗan a ji, a ɗora maka. Da jami'o'in suka ce ya faro daga farko, ya ɗauka bita ce, bita kuwa ba ta cutar da kowa. Ya adana takardun sakamakon uku cikin leda, yana da yaƙinin wata rana za a samu mai hankalin da zai haɗa su.

Shekarar yunwar ita ce rani na farko da ya yi a gida tun rasuwar Kawu. Gwamnatin da aka kifar ba ta son a ambaci yunwa. Soja kuwa da suka hau sai suka faɗe ta a rediyo, ba a jima ba fararen motocin ƙungiyoyin agaji suka cika gari. Wata ƙungiya ta ɗauki Ɗan'azumi aikin yini, yana duba rabon hatsi a ƙauyukan Tsauni da Ɗan Barto, don yana rubuta Faransanci da Turanci. Ana cikin haka suka ce za su ɗauki mutum ɗaya na dindindin, mai kula da bankunan cimaka, wato rumbunan hatsin gayya da ake son kafawa a ƙauyuka. Aiki ne na shekaru, da albashi, a nan Matameye. Sharaɗin shi ne masta, ko kuma takardar makaranta da ta nuna mutum zai gama kafin damanar baɗi. In ya samu, ya gama da ci-rani. Matarsa Jamilatu ta ce ko ba komai zai ga haƙorin ɗansa yana fitowa, ba sai an ba shi labari a waya ba.

Ni ne mai odinata, wato kwamfuta, da kile ɗin da ake maƙala mata a kama intanet a unguwar, don haka wurina ya zo da ledarsa. Ya ajiye ta a tabarma ya ce, "Bawana, ga aiki. Ka nemo mini makarantar da ba ta da tsada, ba ta da jinkiri, kuma za ta karɓi waɗannan. Kai da aka kashe wa kuɗin jirgi."

Muka shiga nema. Layin ya fi kamawa a gindin bedi, wato darbejiyar da ke ƙofar gidanmu, can muke zama bayan la'asar in ya dawo daga ƙauye, ƙurar buhu a gashin idonsa. Shafi ɗaya sai mu sha shayi kafin ya buɗe. A hankali muka tace, saura makarantu uku. Sunayensu sun yi masa tsawo, sai ya raɗa musu nasa: Mai Araha, Mai Sauri, da Ta Tsakiya.

Mai Araha ta Faransanci ce, wata jami'a ce a Turai da ke sassauta wa 'yan ƙasashenmu kuɗi. Shekara biyu cur, ba ta karɓar karatun wani wuri, jarrabawa kuma a Yamai ake zuwa a rubuta. Ana kuma raɗe-raɗin za a dakatar da sassaucin har sai soja sun yi zaɓe, amma ban samu wanda ya tabbatar mini ba. Ta Tsakiya ta Turanci ce, a kudancin Afirka, ta fi tsada, amma ta ce tana iya karɓar har rabin karatun in mutum ya zo da shi daga wani wuri. In ta karɓi rabi, zai gama a shekara ɗaya, daidai da abin da ƙungiyar ke so.

Nan muka faɗa cikin lissafin kiredi, wato awon da makarantu ke auna darasi da shi. A takardunsa na Najeriya kowane darasi yana da lamba ƙarama. A Turai zango ɗaya yana da lamba babba. Ta Tsakiya kuma nata awon daban, ya fi duka girma. Ya tambaye ni kiredinsu nawa ne cikin nasa ɗaya. Na ninka, na raba, na ba shi amsa. Washegari na karanta wani shafi na sake lissafi, amsar ta canza. Rana ta uku ta sake canzawa, har ta nuna ya riga ya gama masta da rabi.

Ya cire hula ya duba cikinta. "To ai tiyar Matameye da mudun Kano ma ba ɗaya ba ne. Amma a kasuwa juye wannan ake cikin wancan kowa ya gani. Su ba su da kwanon juyewa?"

Na ce iyakar sanina babu. Ya ce lallai kuɗin jirgin nan an yi asararsa.

Inna Maryama takan fito da tabarmarta ta zauna nesa kaɗan tana tsince zogale. Ta tambaye ni a wace ƙasa makarantar take, na ce uku ne, ta ce to wacce zai tafi. Na ce ba zai tafi ba, a nan zai zauna. Ta ce in a nan zai zauna, me ya sa kuɗinta ya fi na wadda ake zuwa har da kwana? Na fara bayani, a tsakiya na ji ni ma ban gamsu ba.

Mai Sauri kuwa ita ta fi kowa ladabi. Muka aika saƙo, kafin shayi ya huce ta amsa. Ta ce ba sai ya yi darasi ba, za ta auna gogewarsa ta rayuwa ta aiko da difilom kafin girbi, da hatimi da kirtani. Kuɗinta bai fi ƙarfin ragonsa da ladan wata biyu ba. Raina bai kwanta ba, amma ban iya nuna masa inda ƙaryar take ba. Shafinta ya fi na sauran kyau, da hoton gini da ciyawa. Na buga wa wani abokina da ke aikin tantance takardun waje a Yamai, ya ce an canza masa wuri tun hawan soja, in jira al'amura su zauna. Na gaya wa Ɗan'azumi gaskiya: ina zargi, ba ni da hujja, kuma mai yiwuwa ƙungiyar ba za ta bincika ba.

Ya yi kwanaki yana yawo da zancen. Jamilatu tana bayan Mai Sauri, ta ce takarda takarda ce, wanda ya yi zango uku bai saci komai ba in an ba shi. Wata la'asar ya zo ya ce in sake karanto masa saƙonsu. Na karanta. Ya ce in duba ko akwai inda suka nemi ganin takardunsa. Babu.

"Ko tambayar inda na tsaya ba su yi ba," in ji shi. "Da ni da wanda bai taɓa shiga aji ba duk ɗaya ne a wurinsu. Share ta."

Ban san ko hujja ce ko zuciya ba, na dai share.

Muka aika wa Ta Tsakiya hotunan takardun. Suka amsa cewa sai sun yi hira da shi ido da ido ta intanet kafin su yanke nawa za su karɓa, suka sa rana a farkon watan Yuni. Layin gindin bedi ba zai ɗauki hoto da murya ba, dole sai mun je Damagaram, shagon intanet. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari kowace yamma, yana tasowa yana watsewa. Irin geron da ke hannunsa wanda ƙungiya ta raba ne, babu na biyu a gidan, don na gida an ci shi tun tuni. In ruwa ya sauka yana Damagaram, ya rasa shukar farko. In ya zauna jiran ruwa, ya rasa hirar.

Sai ya ce zai yi binne. Binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. In ruwan farko mai yawa ne, ka riga kowa. In yayyafi ne, irin ya tsiro ya ƙone, ka tashi babu iri babu shuka. Kawu Idi bai taɓa yarda da shi ba. Inna Maryama ta ce ita ba ta hana ba, amma a sani mai gonar bai taɓa rufe hatsi a ƙasar da ba ta sha ruwa ba, kuma a shekarar da babu na sakewa aka ga damar farawa. Ɗan'azumi ya ce da ita, "Inna, sau uku gonar nan tana kirana ina amsawa. Wannan karon ita ta jira ni." Da safe kuwa ita ta fara fita da ƙwaryar iri.

Na bi su. Yana gaba yana sara da sungumi, mu muna baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ƙasar tana ƙuna, ramin yana rufe kansa kafin ka kai. Jamilatu ta ce layina ya karkace kamar lissafina.

Ranar hirar ya sa rigarsa ta Juma'a. A shagon aka ba mu odinata ta lungu, ya sa abin ji a kunne ɗaya, ni na kara kunnena a ɗaya gefen abin jin. Wata mata ce mai gilashi ta fito, fuskarta tana tsayawa tana motsi. Ta gaishe shi da fara'a, ta ce ta ga takardun, sakamakonsa yana da kyau. Sannan ta karanto darussan Kano: dabarun bincike, lissafin ƙididdiga, ra'ayoyin raya karkara. Ta karanto na Zariya, su ne. Ta karanto na Sakkwato, su ne dai, an ɗan sauya wa ɗaya suna. Ta ce darasi ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi, ko sau nawa aka ci.

Ɗan'azumi ya ce da ita ta duba da kyau, kowane karo makinsa ya fi na baya. Ta ce ta gani, tana taya shi murna, za su ɗauki mafi kyau. Abin da za su karɓa zango ɗaya ne, saura uku, shekara ɗaya da rabi in bai tsaya ba. Ta ƙara da cewa da a ce ya ƙarasa zango na biyu ko a wuri ɗaya ne, da sun karɓi shekara cikakkiya. Ya tambaye ta ko tana so ya faɗa mata inda ya tsaya a zango na biyun, don ya yi rabinsa har sau uku, yana iya karantowa yanzu. Bakinta ya buɗe, hoton ya daskare a haka. Mai shagon ya ce layi ne, zai dawo. Da ya dawo ta tafi, sai saƙon godiya.

A motar dawowa, da muka wuce Takeita, sai muka ga kwalta a jiƙe. Nan fasinjoji suka kaure da gardama. Wani ya ce ruwan shuka ne, wani ya ce ko ƙura bai kashe ba, direba ya ce shi da safe ya bar Matameye babu ko ɗigo. Muna sauka bai shiga gida ba, ya wuce gona da rigar Juma'ar, ina biye. Ya durƙusa ya tona da yatsa. Danshin ya shiga, amma bai yi zurfi ba. Ya matsa gaba ya sake tonawa, nan ya fi. Ya sake matsawa, nan busasshe. Na tambaye shi me ke nan. Ya ce bai sani ba, ƙasar ma yau irin amsata take bayarwa.

Ruwan gaske bai zo ba sai bayan kwanaki. Gefen kwari ya tsaya, gefen tudu ya tsiro ya ƙone, suka cike shi da waken da Jamilatu ta samo wurin yayanta. Inna Maryama ba ta ce ai na faɗa ba. Ta dai riƙa kiran gefen tudun gonar 'yan boko.

Ya kai wa shugaban ƙungiyar takardar Ta Tsakiya, mai cewa shekara ɗaya da rabi. Mutumin ya karanta, ya ce shi da son samu ne da Ɗan'azumi zai ɗauka, amma sharaɗin daga sama ya zo, wata shida kuma wata shida ne. Aka ba wani mutumin Maraɗi aikin, mai kirki ne, har yau suna gaisawa. Aikin yini kuma ya ƙare da fitowar sabon hatsi.

Na ɗauka zancen masta ya mutu ke nan. Sai ga shi da hula a hannu, ya ce tunda saurin ba shi da sauran amfani, babu dalilin biyan Ta Tsakiya, in rubuta wa Mai Araha. Na tuna masa ba ta karɓar komai, daga farko zai faro. Ya ce ya sani. Sassaucin ashe ba a dakatar da shi ba, suka ɗauke shi. Da jerin darussan zangon farko ya zo, na karanto masa: dabarun bincike, lissafin ƙididdiga, ra'ayoyin raya karkara, wannan karon da Faransanci. Jamilatu ta leƙo daga madafa ta ce a gaya wa Turawan su huta, ga malamin darasin nan a gida, ita ma ta kusa haddacewa.

Bayan girbi ya sake ɗaure jaka. Kano zai koma, shagon da ya fara. Ya ce layin can ya fi ƙarfi, saboda haka karatun da muka nema don ya zauna gida, a ci-rani zai yi shi. Na kasa gane ko mun ci gaba ne ko mun zagayo. Na nuna masa cewa jarrabawar zango na biyu a Yamai take, a watan Yuni. Ya ce ya gani.

Na raka shi tasha. Muna jiran mota ta cika, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina tun ranar Damagaram. Na ce, "Taubashi, duk shekarun nan me ya hana ka shiga ofis ka nemi izini, su jingine maka karatun ka je shuka, in ka dawo ka ɗora? Ai ana yi, kowace jami'a tana da wannan."

Ya dube ni kamar na yi wani yare, ya ce, "Izini kuma? Ruwa ne fa ya sauka, bawana. Na ɗauka su ma sun gani."